Tsare Rayukan Masu Aiki A Bisa: Darasi Ga Hakiman Ƙasar Birnin Gwari Da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu na ƙasar Birnin Gwari. Ana roƙon kowane Hakimi, Allah ya ba shi nasara, ya sa a karanta shi a gaban dagatai da masu unguwa, da shugabannin magina da birkiloli da kafintoci na gundumarsa, don kowa ya ji abin da ya hau kansa.

1. Dalilin wannan darasi

Ba wanda bai san wahalar da ƙasar nan ta sha ba a hannun 'yan bindiga, shekara da shekaru. Garuruwa sun tashi, makarantu sun zama kango, iska ta yaye rufin gidaje ba mai mayarwa. A watan Nuwamba na 2024 aka ƙulla sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Duk inda mutane suka koma gida kuwa, aikinsu na fari shi ne gini: a ta da bango, a buga kwano, a ɗora tankin ruwa, a hau ƙarfen sabis a gyara, a kafa farantan sola a kan rufin ɗakin shan magani. Waɗannan ayyuka duka a bisa a ke yinsu. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce magidanci ya tsira daga bindiga a daji, sa'an nan ya zo ya mutu a gindin bangon makarantar garinsu saboda ruɓaɓɓen katako guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara ta hanyar faɗuwa iri iri, fiye da kashi 80 cikin 100 kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. In an ɗebe haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya fi faɗuwa kisa.

Darasin nan duka tambaya biyu ce. Kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya hau, lalle ne a san amsarsu. Ta fari: me zai hana shi faɗowa? Ta biyu: in ya faɗo, ko ya maƙale a bisa, wa zai sauko da shi, da me, kuma ina za a kai shi? Wurin aikin da ba a amsa waɗannan biyu ba bai isa a fara aiki a cikinsa ba.

2. Nauyin faɗuwa

Mutanenmu su kan raina tsawon ɗaki ɗaya, su ce ai ba bene ba ne. Ga abin da lissafi ya nuna. Wanda ya faɗo daga ƙafa 10, watau tsawon bangon aji, ya kan iso ƙasa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, da gudun kilomita 28 a awa. Daga ƙafa 16 gudun ya kai kilomita 35. Daga ƙafa 33, watau mita 10, kamar tankin ruwa mai tsawo, gudun ya kai kilomita 50. Ku kwatanta mutum a kan babur mai wannan gudu ya yi karo da bango, ba birki. Cikin wannan ɗan lokaci ba mai iya kama wani abu, kome zafin namansa.

Saboda haka ne dokar aikin gini ta Amurka ta ce daga ƙafa 6 zuwa sama lalle a yi wa ma'aikaci kariya. Dokar Ingila ta 2005 ma ba ta yanka tsawo ba, cewa ta yi duk wurin da mutum zai faɗo ya ji ciwo, aikin bisa ne. A tuna kuma ƙasan wurin gini ba yashi ba ne. Akwai bulo, da duwatsu, da rodi a tsaye, da katako mai ƙusa.

3. Matakai uku

Masana sun jera maganin faɗuwa hawa uku, ba a tsallake na fari a tafi na ƙarshe.

Na ɗaya, kada a hau in akwai hali. Duk aikin da zai yiwu a ƙasa a yi shi a ƙasa. A haɗa katakon rufi a ƙasa, a shafa masa mai a ƙasa, sa'an nan a ɗaga shi. A yi wa ƙarfen tanki fenti tun yana kwance. Kowace sa'a da aka rage ta zaman bisa, an rage haɗari ke nan.

Na biyu, in hawan ya zama dole, a hana faɗuwar. Ana yin haka da gadon aiki mai ƙarfi, da shinge a bakinsa, da rufe kowane rami.

Na uku, in ba a iya hana faɗuwar sarai ba, a rage ɓarnarta da raga ko ɗamara da igiya.

Ga misali daga wata ƙasa. Sa'ad da a ke gina babbar gadar Golden Gate ta Amurka, daga 1933 zuwa 1937, an shimfiɗa raga a ƙarƙashinta, ragar nan ta ceci mutum 19. Amma a watan Fabrairu na 1937 wani gadon aiki ya ɓalle da mutane a kai, ya keta ragar, mutum 10 suka mutu. Ashe mataki na uku, kome kyaunsa, ba ya maye gurbin na biyu.

4. Tsani

Tsani hanya ce ta hawa da sauka, ba wurin wuni ba ne. Aikin da zai wuce rabin sa'a a wuri ɗaya, a kafa masa gado. Ga ƙa'idodinsa:

(a) In kan tsani ya hau ƙafa 4, gindinsa ya janye ƙafa 1 daga bango. Tsanin da ya jingina a ƙafa 12, gindinsa ya nisanci bango da ƙafa 3.

(b) Kansa ya zarce wurin da za a sauka da ƙafa 3, don mutum ya sami abin riƙewa.

(c) A ɗaure kansa da igiya. Kafin a ɗaure, wani ya riƙe gindin.

(d) Kada a kafa shi a kan ganga, ko bulo, ko ƙasa mai laushi.

(e) Mai hawa ya fuskanci tsani, hannuwansa biyu ba kaya. Kwaɓaɓɓen siminti da bulo da kwanon rufi a ja su da igiya.

(f) Tsanin da aka buga matakansa da ƙusa ɗaya ɗaya a jikin katako tarko ne. A sassaƙa wa kowace mataka gurbi ta zauna ciki, sa'an nan a buga ƙusa.

5. Gadon aiki da shinge

Gadon aiki shi ne shimfiɗar katako da a ke kafawa a jikin bango don ma'aikata su tsaya a kai. Ƙa'idar masana ita ce ya iya ɗaukar nauyin da za a ɗora masa har ninki huɗu. Ƙafafunsa su tsaya a kan katako mai faɗi, don kada su nutse in ƙasa ta jiƙe. A gicciya masa sanduna, a ɗaure shi da bango. Faɗin wurin tsayawa kada ya kasa inci 18, katako biyu a jere sun fi ɗaya. A ɗaure kowane katako ko a buga masa ƙusa, gama katakon da bakinsa ya zarce madogararsa, ba ɗauri, shi ne ke ɗagawa da mutum in ya taka.

Shinge kuwa sanda uku ne. Ta sama a inci 42, daidai ƙugun mutum. Ta tsakiya a inci 21. Na ƙasa katako ne a kwance da gefensa, don kada guduma ko bulo ya gangaro kan na ƙasa. Sandar sama ta iya jure nauyin kilo 90, kusan buhun siminti biyu, in an jingina da ita. Haka nan a kewaye bakin dakin bene, da ramin matakala, da ramin masai, da bakin rijiyar da a ke ɗiban ruwan gini.

Game da itace, ƙasar nan Allah ya yi mata arzikin daji, amma ba kowane itace ya dace da gado ba. A ƙi wanda gara ta ci, da mai tsaguwa, da mai babban ƙulli a tsakiya, da gora wadda ta tsufa ta fara fashewa. A ƙwanƙwasa kowace sanda a ji muryarta. Hakimai su tuna wa 'yan kwangila cewa dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na Gwamnatin Tarayya a 1999, ba a saran itace a cikinsa. A sayi katako daga hannun masu izini.

A duba gado kafin a fara hawansa, a sake dubawa kowane kwana 7, da kuma bayan kowane ruwa mai iska.

6. Rufi da wayar lantarki

Tsohon kwano mai tsatsa, da silin, da katakon da ya sha ruwa shekara da shekaru, ba sa ɗaukar mutum. Wannan ya shafi ƙasar nan ƙwarai, domin yawancin gine-ginen da za a gyara sun daɗe ba kowa a ciki. Kafin a hau tsohon rufi a shiga ɗakin a duba katakon daga ƙasa. A shimfiɗa katako mai faɗi a kan kwano a riƙa tafiya a kansa. A duba ko zuma ta yi gida a cikin silin ko a cikin tanki, gama wanda zuma ta taso wa a bisa ba ya tuna inda bakin rufi ya ke.

Inda wayar lantarki ta bi ta kusa, kada mutum, ko tsanin ƙarfe, ko rodi, ko kwanon rufi ya kusance ta da ƙasa da ƙafa 10. Kada a ce ai an daɗe ba a kawo wuta ba. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. In aikin ba zai yiwu ba sai a kusa da wayar, a nemi kamfanin lantarki ya yanke layin tukuna.

7. Ɗamara da igiya

Ɗamarar tsaro ita ce wadda ke rungume kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, da zobe a tsakanin kafaɗu ta baya. Igiyar da aka ɗaura a ƙugu kaɗai ba ta tare faɗuwa lafiya, ta kan karya baya ko ta matse ciki. Tun 1998 aka hana tare faɗuwa da ɗamarar ƙugu a wuraren ginin Amurka.

Akwai abu biyu da masu ɗamara su kan manta. Na fari shi ne turke, watau wurin da a ke maƙala ƙugiyar igiya. Ƙa'ida ita ce ya iya riƙe kilo 2,270 saboda mutum ɗaya, nauyin buhun siminti 45 ke nan, domin fizgar mai faɗowa ta ninka nauyinsa sau da yawa. Katakon silin, ko bututun ruwa, ko sabon bulon da bai bushe ba, ba turke ba ne. Turke kuma ya kasance bisa kan mutum in da hali.

Na biyu shi ne filin da ke ƙarƙashi. Igiyar da aka saba sayarwa tsawonta ƙafa 6 ne. Ƙunshin da ke jikinta mai rage fizga ya kan warware har ƙafa 3 da rabi. Tsawon mutum a ba shi ƙafa 6, a ƙara ƙafa 3 na rara. Jimla ƙafa 18 da rabi daga turke zuwa ƙasa. To, wanda ke buga kwanon aji a ƙafa 12, da irin wannan igiya, zai bugi ƙasa kafin ta riƙe shi. Don haka a ƙananan gine-gine gado da shinge su ne magani, ko kuwa gajeriyar igiya wadda ba ta barin mutum ya kai bakin rufi ko kaɗan. Doguwar igiya sai a kan tanki mai tsawo da ƙarfen sabis. Ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa, ko wadda rana ta cinye zarenta, a yanke ta a yar.

Hular kwano kuwa a ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita ke riga mai ita isa ƙasa.

8. Lokaci da mutum

Hadarin farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, shi ke yaye rufi, shi ne kuma lokacin da mutane ke gaggawar hawa su gyara. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano, ko da raɓar safe ce. Da an ga hadari ya haɗu, ko an ji tsawa, kowa ya sauko, tun ba masu aikin ƙarfen sabis da tanki ba. In iska ta tashi kada a ɗauki fallen kwano a bisa, gama ya kan tafi da mai riƙe da shi.

A lokacin bazara, da kuma watan azumi, a yi aikin bisa da sassafe, a bar na ƙasa zuwa rana. Kada a bar mai farfaɗiya, ko mai jiri, ko mai zazzaɓi ya hau. Wanda ya sha ƙwaya wai don ƙarin ƙarfi, heluma ya sallame shi daga aikin bisa nan take. Ba a hawa da babbar riga ko silifa. Yara kuwa, ko da 'ya'yan magina ne masu koyo, aikinsu a ƙasa ya ke. Mutum ɗaya kuma ba ya aiki a bisa shi kaɗai, ba mai ganinsa.

9. Shirin ceto

Wannan shi ne sashen da aka fi sakaci da shi, shi ne kuwa ya fi shafar ƙasarmu. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ta hanyar Buruku ya fi kilomita 100. Daga Randagi, ko Kuyello, ko Dogon Dawa, isa babban asibitin Birnin Gwari ma tafiya ce, balle da damina in rafuka sun kawo. Waya kuma ba abin dogara ba ce ita kaɗai. Mun gani a 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a wannan yanki har makonni. Saboda haka masu ceton wanda ya faɗo su ne abokan aikinsa da ke tsaye a wurin. In ba a koya musu tun da wuri ba, ba wanda zai zo ya koya musu a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin ceto shafi ɗaya ne, ya ƙunshi abu shida:

(a) Sunan shugaban ceto da mataimakinsa, waɗanda ba sa barin wurin muddin akwai mutum a bisa.

(b) Kayan ceto, a ajiye a gindin aikin, ba a cikin sito a kulle ba: tsanin da ya kai ƙololuwar ginin, da igiya mai ƙarfi, da kura irin ta jan guga, da ƙyaure ko katako mai faɗi da tsawon mutum, da zannuwa huɗu na ɗauri, da tsumma mai tsabta.

(c) Motar da za ta ɗauki mutum a kwance, da sunan direbanta, da man da aka tanada.

(d) Asibitin da za a fara zuwa, da wanda za a wuce in an tura, kamar Asibitin Barau Dikko na Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

(e) Hanyar da za a bi, da wata in waccan ta ƙi, da lokacin da ya kamata a tashi aikin bisa don kada dare ya yi wa majinyaci a hanya.

(f) Wanda zai kai labari da baki in waya ta ƙi, da wanda kuɗin magani ke hannunsa.

A gwada shirin nan sau ɗaya kafin a fara aiki. A rataye buhun yashi a madadin mutum, a sauko da shi, malami ya duba agogo ya rubuta minti nawa aka ci.

10. Wanda ya rataye a ɗamara

Ɗamara ta tare mutum, amma bai tsira ba tukuna. In ya daɗe a rataye ba motsi, jini ya kan taru a ƙafafunsa, ya kasa komawa zuciya, sai ya suma. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a 2004 cewa wannan na iya kisa cikin ƙasa da minti 30. Saboda haka ba a jiran wani daga Kaduna.

In yana cikin hankalinsa, a ce ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke, a miƙa masa igiya mai zarge ya taka, ko a kafa tsani a ƙarƙashinsa. In ya suma, mai ceto ya hau ɗaure da tasa igiya a wani turke dabam, ya maƙala masa igiyar ceto, a ɗan ɗaga shi da kura, a kwance tasa, a zuro shi ƙasa a hankali. Kada a yanke igiyarsa sai ta ceto ta ɗauki nauyinsa. In ya iso ƙasa a kwantar da shi, a sassauta ɗamarar, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau.

11. Wanda ya faɗo ƙasa

A nan ne tausayi ke yin ɓarna. Jama'a su kan ruga su ɗaga mutum, su zaunar da shi, su ba shi ruwa, su ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. In ƙashin wuya ko na baya ya karye, wannan ɗagawa ita ke tsinka laka, mutumin da zai warke ya zama gurgu har ƙarshen ransa. Ga abin da za a yi:

(a) A duba tukuna ko wani abu na shirin ruftowa, ko waya na jikinsa. Ba a taɓa wanda wuta ke riƙe da shi sai an yanke wutar.

(b) Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, kada ya motsa. A yi masa magana, a duba numfashinsa.

(c) A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki.

(d) Kada a ba shi ruwa ko abinci, gama watakila za a yi masa aiki.

(e) Mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da ƙirji da ƙugu a miƙe, su ɗora shi a ƙyaure, su ɗaure shi da zannuwa, su tokare kansa da naɗaɗɗen tufa dama da hagu. In amai ya zo, a karkata ƙyauren duka.

(f) Wanda ya bugu a kai ya tashi yana dariya, kada a bar shi ya koma aiki ko ya kwana shi kaɗai. Amai, da yawan barci, da ruɗewa, da jini ko ruwa daga kunne ko hanci, alamu ne na rauni cikin kai, su kan bayyana bayan sa'o'i.

Maɗora suna da daraja a cikin jama'a, amma karayar baya, da ta wuya, da wadda ƙashi ya huda fata, na asibiti ne. Hakimi ya kira su ya yi musu bayanin haka da girmamawa.

12. Aikin Hakimi da malaminsa

Hakimi ba injiniya ba ne, ba a kuwa nema ya zama. Amma babu ɗan kwangilar da zai sauke kaya a gunduma bai zo gaisuwa ba, babu kuma aikin gayya na masallaci ko makaranta da za a yi ba da saninsa ba. A wannan zama na gaisuwa ne za a yi tambayoyi biyun nan.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi na musamman. Ga kowane aiki ya rubuta wurin, da mai aikin, da sunan heluma, da tsawon ginin, da irin kariyar da aka tanada, da shirin ceto, da ranar da aka gwada shi. Dagaci ko wakilinsa ya leƙa sau ɗaya a mako ya kawo labari. In an ga abin tsoro, a yi wa mai aikin magana. In ya ƙi ji, a rubuta wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a aika da kwafi fadar Mai Martaba Sarki. Aikin gayya kuwa, wanda ba ɗan kwangila a cikinsa, nauyinsa duka a wuyan shugabannin gari ya ke. A ware kuɗin katakon gado da igiya tun ranar da a ke karo-karon siminti.

A rubuta kowace faɗuwa, har wadda ba a ji ciwo ba, da sanadinta. Katakon da ya karye yau ba kowa a kai, shi ne ke ba da labarin gobe.

Rubutun nan yana da wani amfani kuma. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun NSITF. Ma'aikacin da ya ji rauni, ko magadansa, su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. Leburanmu da yawa ba su da takardar ɗauka aiki. Littafin malami, mai rana da suna da shaidu, zai iya zama abin da matar mamaci da marayunsa za su dogara da shi.

13. Maganar ƙaddara

Za a sami mai cewa in kwana ya ƙare shinge ba ya hanawa. Gaskiya ne rai a hannun Allah ya ke. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sa'an nan a yi tawakkali, sun kuma ruwaito hani ga kwana a kan soron da ba shi da kariya a bakinsa. Ana roƙon limamai su taimaka da wannan bayani. Za a kuma sami mai cewa shekara 30 yana hawa bai taɓa faɗowa ba. A ce masa gwani ma faɗuwa ɗaya ta ishe shi, yaran da ke koyo kuma abin da suka ga yana yi shi za su yi.

Kuɗin katako da igiya da man mota bai kai kuɗin jinyar wata ɗaya ba, balle riƙon iyalin da mai ciyar da su ya kwanta. Ƙasar nan ta yi asarar mazaje da yawa. Waɗanda suka rage su ne za su gina ta, tsare su kuwa amana ce a hannun shugabanni. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin Sarki, ya sa kowa ya sauko lafiya kamar yadda ya hau, amin.

Tambayoyi domin malamai

1. Waɗanne tambayoyi biyu za a yi wa ɗan kwangila kafin ya fara aiki?

2. Tsani ya jingina a ƙafa 16. Ƙafa nawa gindinsa zai nisanci bango?

3. Don me igiya mai ƙafa 6 ba ta amfanin mai buga kwanon aji?

4. Kawo abu uku da ba a yi wa wanda ya faɗo ƙasa.

5. Zaɓi gini ɗaya da a ke yi a gundumarku, ka rubuta masa shirin ceto mai abu shida, ka kai wa Hakimi ya gani.